Gicciye a Tafin Hannuna

Na haye. Bari in faɗa tun kafin yatsana ya gaji: jiya da hantsi aka kira sunana a gaban jama'a, na hau dandamali da rigar nan mai kama da buhu da hula mai tuntu, na cafke kwalina na digirin zanen gine-gine, ina da 'ya'ya biyu, furfura ta fara leƙowa ta gaban ɗankwali. 'Yan ajinmu Anti suke ce min, wasunsu na kusa haifarsu. Na yi rawa, na yi wa kaina guɗa don babu wanda ya iya a wurin, na ci kek har cikina ya ƙulle. Murna dai an yi ta, ba ƙarya. Amma kujerar da ya kamata Baba ya zauna, jakar Mama ce a kai, kuma tun jiya abin ya ƙi barin raina. Shi ya sa na zauna da waya ina dannawa. 'Ya'yana Nana da Abdul, ku da sauran yaran gidajenmu na Lanham da Landover a nan Amurka, na san kun sha jin guntu-guntu, wai na taɓa barin addini a Sifaniya aka dawo da ni da ƙyar. Na san halinku, a yi muku Hausa ku amsa da Turanci. Wannan karon ku daure ku karanta, inda kuka kakare ku kai wa kakarku ta warware muku.

Baba ma'aikacin sashen Hausa ne a wani gidan rediyo a cikin Washington. Muryarsa ta fi fuskarsa suna. Mutumin da yake can ƙauye yana murɗa akwatin rediyonsa da asuba ya san yadda Baba yake jan gaisuwa, amma in sun haɗu a kasuwa wucewa zai yi. A gida kuwa mutum ne mai raha. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, Safiya, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai Uwata. Uwata zo ki ga wannan, Uwata me yaran Amurka suke nufi da kaza. Ni ce 'yar gaban goshi, ban ɓoye muku ba. Ranar da na samu sikolashif, wato tallafin karatu, na shiga jami'a, sai da ya bi Kano gida-gida a waya yana sanarwa. Ni kuma lokacin shekarata sha takwas, kaina yana hayaƙi, ga surutu, ga gayu, ga 'yar kyamara a jaka kullum. Lokacin aka fara yayin ɗora hoto a intanet, abinci ma in na zuba sai na ɗauka na ɗora kafin in kai loma. Mama tana cewa hannun nan naki wata rana sai ya ja miki. Ni ko a jikina.

Ƙarshen shekarata ta biyu, farfesanmu ya ce zai kwashi 'yan aji zuwa Madrid, babban birnin Sifaniya, da hutun zafi, mu ga tsofaffin gine-gine da idonmu maimakon a littafi. Na zaci za a sha daga a gida. Ina, Baba ma ya fi ni ɗoki. Ya zaunar da ni ya yi min lacca a kan Andalus, yadda Musulmi suka yi zamani a ƙasar, abin da ya sha faɗa a shirinsa na ranar Juma'a bai taɓa gani da ido ba. Abu ɗaya ya roƙe ni: in Juma'a ta same ni a can, in je babban masallacin Madrid in yi salla, in dawo in ba shi labarin yadda yake. Hankalinsa ya ƙara kwanciya da ya ji tare da Hannatu za mu. Hannatu 'yar ajinmu ce, Kirista, iyayenta 'yan Pankshin ta jihar Filato, gidansu a Takoma Park, babarta nas ce. Tun muna yara kwano ɗaya muke ci. Da salla su zo mana, da Kirsimeti Mama ta aika musu da cincin.

Juma'ar farko babu aji, aka ce kowa ya zaɓi yawon da zai bi. A teburin otal akwai biyu. Ɗaya na yini guda ne zuwa Toledo, garin da aka ce har tsohon masallaci akwai a ciki, sai magariba ake dawowa. Ɗayan na rabin yini, a fita da safe a ga wata tsohuwar fada da ake kira Eskoriyal da wani kwari kusa da ita, a dawo da azahar. Kusan kowa Toledo ya nufa. Ni na duba na ga in na bi su, Juma'a ta wuce ni, alƙawarin Baba ya tashi. Sai na ɗauki rabin yinin. Hannatu ta yi ta mita, wai na hana ta ganin gari saboda sallar da ko lada ba za a raba da ita ba, amma ta biyo ni. Ku riƙe wannan da kyau, yara: don in samu Juma'a na hau bas ɗin nan.

Ɗan jagoranmu wani dattijo ne gajere, sunansa Ramon, da jar lema a naɗe yana ɗagawa sama don kada mu ɓace, mu kuma muna binsa kamar 'yan tsaki. Turancinsa sai ka kasa kunne sosai. Yawon rabin yini gudu ne zalla: nan a leƙa, can a leƙa, kar ka tsaya, kar ka taɓa, bas ba ya jiran kowa. Eskoriyal kuwa ƙaton gini ne na dutse mai ruwan toka, ba fara'a ko kaɗan, fada da coci da makabarta duk a haɗe. Ya nuna mana ɗakin da sarkin da ya gina wurin ya mutu, ɗan tsukuku, da wata kafa da take kallon cikin coci don ya riƙa jin ibada yana kwance. Ya sauka da mu ƙarƙashin ƙasa inda aka jera akwatunan sarakuna kamar kantar shago. Hannatu ta raɗa min cewa ashe manya ko sun mutu ba sa haɗa layi da talaka. Amma abin da ya tafi da ni ɗakin karatun ne. Rufin duk zane, littattafai an juya bayansu ciki, bakinsu mai ruwan zinare yana waje. A cikin wani gilashi na hango littafi da rubutun Larabci, kusan irin hannun da Baba ya koya a allo. Ban san lokacin da na karanta bisimillar a fili ba. Ramon ya tsaya cak, ya sauke lemarsa, ya ce ya tsufa yana wuce littafin nan bai taɓa jin yadda yake a baki ba, in ƙara masa. Na ƙara layi biyu. Na zaro kyamara, mai gadi ya ɗaga min yatsa. An hana hoto a ciki. Inda shaidata take, nan aka hana hoto.

Daga nan bas ya nufi kwarin, ya hau tsauni da mu. Tun daga nesa ake hango shi: gicciye ne na dutse a ƙololuwar tsaunin, tsawonsa sai ka ce dogon ginin nan na tsakiyar Washington. A ƙarƙashinsa an fafe cikin dutsen an yi coci mai duhu da sanyi kamar kogo. Kafin mu sauka Ramon ya kashe lasifika, ya juyo ya yi mana magana da muryarsa ta gaskiya. Ya ce bayan yaƙin basasarsu, janar ɗin da ya ci yaƙi ya riƙe ƙasar da bindiga shi ya sa aka gina wurin, kuma a lokacin kabarinsa yana ciki, da furanni a kai. Cikin masu fasa dutsen akwai fursunoni, cikin fursunonin akwai mahaifinsa. Ya fito da rai, amma ƙurar dutse ta cinye masa huhu, shi Ramon bai san ubansa ba sai da tari. Muka shiga muka fito, ni dai ban ji komai ba sai tashin tsigar jiki. A can ƙarshen farfajiya akwai wani falalen dutse mai tsaga, nan Ramon yake tsayar da mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Ka miƙa tafin hannu, shi ya durƙusa da kyamararka, ya ɗan matsa hagu, ya ɗan matsa dama, har sai ƙaton gicciyen nan ya zauna a tafinka kamar abin wasan yara. Kowa ya yi, har wasu tsofaffi 'yan Japan. Hannatu, da yake ba ta barin abu ya wuce, ta tambaye shi me ya sa yake wahalar da gwiwarsa haka.

"Ubana a bayansa ya ɗauki dutsen nan," in ji shi. "Ina so in ga mutane suna ɗaukarsa da hannu ɗaya suna dariya."

Wa zai ji wannan ya ƙi? Na gyara gyalena, na miƙa hannu, na washe baki har kunne. Muka dawo Madrid a kan kari, na bar Hannatu tana shan askirim a bakin titi, na shiga masallaci na yi Juma'ata cikin matan Maroko. Nan ma ban ɗauki hoto ba, wa yake hoto a sahu? Da yamma na zuba hotunan ranar a shafina, har da wancan, na rubuta a ƙasa wai yau na ɗauki tarihi da hannu ɗaya. Na rufe laftof muka fita neman abinci.

Anti Balaraba ta Landover ce ta fara gani, a kwamfutar 'yarta. Kun san ta, ƙawar Mama ce, duk suna da biki ita ce a kan tukunya. Ba ta kira ni ba, ba ta kira Mama ba. Sai ta sa aka tura wa ƙanwarta a Kano, wai a taya ta addu'a. Kafin in gama kwanakina a Madrid, an wanke hoton a takarda, ya shiga hannun Baffa Inuwa, yayan Baba, wanda tun rasuwar kakanmu maganarsa ce doka a zuri'armu. Labari kuma yana tafiya yana ƙiba. A Landover an ce na shiga coci na yi sujada. A Kano an ce an yi min wankan Kirista a Sifaniya, yarinyar nan 'yar Filato ce ta kai ni. Har masu sauraro suka fara aika saƙo gidan rediyo, wai mai yi mana nasiha ranar Juma'a ya fara share ƙofar gidansa. Ni ina can ban san wainar da ake toyawa ba, ina ta zanen tsofaffin ƙofofi a littafina. Na dai lura Baba ya daina ɗaukar wayata, Mama kuma in na kira sai ta ce lafiya lau, ke dai ki dawo.

Mama kaɗai ta je ɗauko ni a filin jirgi, ta kawo ni gidanmu a Lanham. Baba yana falo, hoton yana kan tebur. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da Uwata ba, a nan na san akwai magana. Na kwashe komai na faɗa masa, tun daga teburin otal, da dalilin da ya sa na ƙi Toledo, da littafin cikin gilashi, da mahaifin Ramon, da yadda limamin Madrid ya yi huɗuba. Bai katse ni ba. Ina kallon fuskarsa tana sakin jiki a hankali.

"Ina hoton masallacin?"

Na ce ban ɗauka ba.

"Littafin fa?"

"An hana, Baba."

Ya ture hoton gefe. Sannan ya ce ya yarda da ni, ya san abin da ya haifa. Har na fara sauke numfashi, sai na ji Mama ta fashe da kuka a ƙofar kicin. Ashe tun ina Madrid an gama shari'ata. An yi wani suna a Landover ranar Asabar. Da safiyar ranar Baffa Inuwa ya kira Baba ya wanke shi tas, ya ce ya je ya sayar da 'ya'yansa saboda dala. Baba ya tafi sunan da wannan a ciki. Falo cike da maza, ana cin nama, sai wani ya ce cikin sigar jaje, Malam, Allah ya shirya mana zuri'a, mun ga abin da ya faru. Baba ya ajiye kwanonsa, ya ce wallahi tallahi, muddin yana numfashi ƙafata ba za ta sake taka makarantar nan ba. Da muryar nan tasa ta rediyo, wadda ba a cewa ba a ji ba.

Mama ta share hawaye ta matso.

"Malam, rantsuwa ai tana da kaffara. Miskini goma ne. Ni zan dafa."

"Allah zai karɓi kaffara," in ji Baba. "Mutanen da suke falon nan fa? Su me zan ciyar da su?"

Na san abin da za ku ce, don Nana ta riga ta faɗa min da Turancinta: ai Amurka ce, ai kin girma, wa zai hana ki? Haka Hannatu ta ce ita ma. Ta zo har ƙofar gidanmu, ta ƙi shiga, muka zauna a motarta. Ta ce babarta ta share min ɗaki a ƙasan gidansu, in kwaso kayana, in koma aji, in Baba ya huce a yi sulhu. Na yi kwana da kwanaki ina juya maganar. In na koma gidan su Hannatu, na sa wa ƙaryar hannu ke nan, duk wanda ya ce ta ja ni coci ya ci riba. In kuma na taka makarantar daga gidanmu, ƙafata ce ta karya rantsuwar ubana yana ji yana gani, ya shiga falon nan ya kasa ɗaga kai. Sai na yi dabarar da na ga kamar wayo ce: na ce wa makaranta zan huta semesta ɗaya, kafin sanyi ya fita Baba ya sauko. Hannatu ta daki sitiyari ta ce ni da ubana kunya ce za ta kashe mu. Semesta ta zama shekara. Sikolashif ba ya jira, kamar bas ɗin Ramon. Ranar da Hannatu ta karɓi nata kwalin, a tsallaken titi na yi fakin, ina hango huluna ta gilashin mota, don harabar ma tana cikin rantsuwa.

Aiki na shiga, na kula da tsofaffi a wani gidan jinya. Kun san wa ta samo min? Anti Balaraba, don a can take shif ita ma, wato aikin karɓa-karɓa. Kusan kowane ɗaki akwai gicciye a saman gado. Ni nake sauke shi in goge ƙura in mayar, wata tsohuwa ma ba ta barci sai na sa mata nata a hannu. Anti tana wucewa tana gani, ba ta taɓa tura wa kowa a taya ta addu'a ba, da yake wannan ana biya duk sati biyu. Na ɗauki gicciye da hannuna na gaskiya ya fi sau dubu, ba wanda ya ce uffan. Wanda ban taɓa ba, wanda yake can kan tsauni, shi ya cinye min karatu. A gida kuwa ni da Baba muka koma kamar maƙwabta masu mutunci. Gaisuwa, ya aiki, ya jiki. Uwata ta ɓace daga bakinsa, sai ke. Ba faɗa, ba zagi, ni da ma faɗan aka yi. Na yi aure, babanku mutumin kirki ne, ya sha cewa in koma wata makarantar daban tunda wancan aka ambata. Na ce Baba ba gini ya rantse a kai ba, kowa ya san abin da yake nufi.

Akwai wata Asabar, ina da cikin Nana, ana sanyin nan mai shiga ƙashi. Na je gida na tarar Mama ta dafa shinkafa da miya da kaza, tana zubawa a robobin tekawe, guda goma ta jera a kan tebur. Na ce baƙi za a yi? Ta ce babanki zai kai sadaka cikin gari, idonsa ba ya son tuƙi yanzu, ki kai shi. Ba ta kalle ni ba. Na kai shi wani ɗan fili a tsakiyar Washington inda marasa gida suke zama a kan benci da bargunansu. Ya hana ni fitowa, wai sanyi. Ina kallonsa ta gilashi, da babbar riga a ƙarƙashin jaket, yana bi ɗaya bayan ɗaya, yana miƙawa da hannu biyu yana ɗan rusunawa. Wani ya tambaye shi ko da yaji, ya tsaya yana masa bayani da Turancinsa na labarai. Ya gama ya dawo mota. Mun hau hanyar gida, tirafik ya riƙe mu, sai na ji ya ce:

"Uwata."

Sitiyarin ya kusa ƙwace min. Rabon da in ji sunan nan tun kafin Madrid.

"Na'am, Baba."

"Mutumin nan naki mai lema. Kika ce ubansa tari ne ya kashe shi?"

Na ce e. Ya gyaɗa kai, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, na rage gudu ina jira. Sai ya ce Allah ya kyauta, ya miƙa hannu ya kunna rediyo. Na yi kuka a banɗaki ranar don murna, wai Baba ya sake kirana Uwata. Iyakar abin da na gane ke nan.

Shekaru suka ƙara tafiya, aka haifi Abdul, Baba ya yi ritaya, ciwo ya kwantar da shi, ni na yi jinyarsa tunda aikina ne. A hannuna ya cika, a nan Maryland aka binne shi. Bayan Mama ta fita takaba, muna kicin muna kwashe tarkace, na jawo wata leda cike da irin robobin nan na tekawe, na ce in zubar? Sai ta zauna a kujera kamar an tura ta.

"Kin tuna ranar da kika kai shi ya raba abinci?"

Na ce na tuna.

"Kaffarar ce. Tun ranar babu rantsuwa a kanki."

Na tsaya da leda a hannu. Ta ce ya sa ta yi alƙawarin ba za ta faɗa ba, shi zai faɗa min da bakinsa. A motar nan ya yi niyya, ya dawo ya ce mata harshensa ya yi nauyi, sai gobe. Duk sanda ta tuna masa, sai gobe. Wata rana ta matsa, ya ce in na koma makaranta mutane za su tambaye shi ina rantsuwar da ya yi, ya ce musu me? Wato ya warware tsakaninsa da Allah, ya bar ni a ɗaure saboda mutanen falo. Ni na tuƙa motar da aka je aka kwance ni, na dawo na ci gaba da zama a turke, igiya a ƙasa ban sani ba. Ina son ubana, ina masa addu'a kowace salla, jiya ma da shi na tashi a raina. Amma ranar na fita bayan gida na yi ta jifa da robobin nan a jikin katanga har Mama ta zo ta riƙe ni.

Wata bai ƙare ba na koma na yi rajista. Darussan da na ci a da wasu sun mutu, na sake su. Shif da dare, aji da rana, kun dai gani da idonku, ku ne kuke cin taliyar gaggawa sati guda in jarrabawar fainal ta zo. Hannatu, wadda yanzu take zana asibitoci a Baltimore, ita ta riƙa duba min zane a waya tana zagina in na yi layi a karkace. Jiya ita ta fi kowa ihu.

Sai ga Anti Balaraba a wurin walima, da kular dambun nama, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta rungume ni tana shi min albarka, ta ce a ɗauke mu hoto. Muna tsaye ana gyara waya, ta dube ni da zuciya ɗaya, wallahi ba da gatse ba, ta ce:

"Ni kuwa Safiya, yarinya mai ƙwaƙwalwa irinki, me ya hana ki gamawa tun tuni?"

Ta manta. Na dubi dattawan da suke cin shinkafa a tebur, cikinsu akwai waɗanda suke falon nan ranar suna. Na tabbata in na tambaye su, za su ce wace rantsuwa? Mutanen da Baba ya mutu yana jin kunyarsu ke nan. Na yi murmushi aka ɗauki hoton, na ce mata Allah ne bai kawo lokaci ba, Anti, ƙara nama.

Hoton Madrid yana nan, na sa shi a firam kusa da kwalin. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da gyalenta, tana sauri ta samu Juma'a, ta tsaya ta faranta wa wani tsoho rai. Nana, Abdul, abin da uwarku ta yi ke nan a Sifaniya, babu ƙari babu ragi.

Wancan hoton bai yi sati ba ya isa Kano, ba wanda ya roƙi kowa ya tura. Wannan ni nake roƙo. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, Landover, Takoma Park, Kano, gidan Baffa Inuwa, duk inda hoton ya shiga. In kuma akwai wani uba a gidanku da ya riga ya yi kaffararsa yana jiran gobe, ku karanta masa da ƙarfi.